Doguwar Baba

Ta hannun Kamilu direba, Ɗambatta
Laraba

Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Hure da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan sai godiya, ko da yake gero bai yi ba, rumbuna duk a buɗe suke.

Wata magana ce ta hana ni zama. Ka san bindigogin tokan da nake tarawa a ɗakin soro tun rasuwar Baba. Bana sun ƙaru, domin yunwa ta sa 'ya'yan maharba suna kawo mini na iyayensu. Duk Juma'a nakan goge su da man gyaɗa, amma ban taɓa harba ko ɗaya ba.

To, ɓarayin shanu sun shiga ƙauyen da ke gabas da mu. Mai unguwa ya haɗa samari 'yan sintiri, kuma ya aiko in ba su aron bindigogin. Shugabansu Tasi'u ne, ɗan Barira ƙanwarmu. Shi ya ce Doguwa yake so, wato bindigar Baba, kakansa.

Yaya, waje kawai nake gogewa. Ban san abin da tsatsa ta yi a ciki ba. In na hana, an riga an fara cewa na fi son ƙarfe da shanun mutane. In na bayar ta fashe a hannun yaron nan, da wane ido zan dubi Barira? Wataƙila kuma rowa ce nake kira tsoro. Na kasa rarrabewa.

A gaida kowa.

Ƙaninka,
Yuguda

Asabar

Yaya Sama'ilu,

Sallama da fatan alheri. Ban jira amsarka ba, ka yafe mini.

Jiya da hantsi na kwashe su zuwa tsamiyar bayan gonarmu. Na riƙa ɗaure kowace a jikin itacen, Tasi'u ya yi mata ɗurin albarushi yadda za su yi a sintiri, in sa igiya a kunamarta, mu koma bayan ganuwar gona in ja. Samari suna ta dariya, wai malam ya zo harbi da guga.

Yawancinsu sun tashi lafiya. Wata ta ƙi tashi sam. Na bar Doguwa a ƙarshe, har na so in ce rana ta yi, a bari sai gobe. Tasi'u ya matsa.

Ta fashe, Yaya. Ta tsage daidai inda hannun hagu yake riƙewa, ƙarfen ya shige cikin tsamiya har sai da aka sa gatari. Babu wanda ya ƙara dariya. Tasi'u ya zauna a ƙasa.

Na ba su masu lafiyar. Barira ta aiko mini da fura, ba ta haɗa da saƙo ba. Duk da haka ina ta tunanin da na ce a rage albarushin, da Doguwa tana nan.

Ba mu taɓa zama mun raba ta ba, kai ka bar mini, ni kuma na yi shiru. Ga hancin bindigar nan a cikin buhu wajen Kamilu. Ƙotar tana wurina.

Naka,
Yuguda