Awa Shida da Ban Rubuta Ba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka.

Ka bar ni ina da ƙaramin lasisin tuƙin jirgi, wanda kake ce wa takardar yawon shaho. Yanzu wanda ke gabansa nake nema: izinin tuƙi cikin gajimare, inda ba a ganin ƙasa, sai dai a dogara da na'urorin da ke gaban matuƙi. Ba a zama jarrabawarsa sai an cika wasu awoyi a sama, kowace awa a rubuce cikin littafin tashi. Ni awa shida suka rage mini, mai jarrabawa kuma ƙarshen watan nan zai zo. Jirgin koyonmu ya yi sati uku a hannun injiniyoyi, babu ranar fitowarsa.

Wata abokiyar karatuna ta kawo mini dabara. Akwai ranakun da na zauna a kujerar baya ina kallo tana tuƙi. Ta ce in rubuta su a matsayin nawa, ba mai tonawa. Ban ɓoye maka ba, Baba, na buɗe littafin, har na cire murfin biro.

Sai na tuna fadamarmu ta Jiga Birni.

Ka tuna shekarar da albasa ta yi daraja a kasuwar Aliero tun ba a fara cira ba? Maƙwabtanmu suka bi gonakinsu suna tattake ganyen da ƙafa, don wuyan albasar ya kwanta kamar ta nuna. Ni ma na shiga tamu na tattake kunya biyu, ina jiran yabo. Ba ka yi faɗa ba. Ka dai ce, "Hadiza, ita ad da sanin ranarta. In kinka kwantar da ita da ƙafa, cikin rudu za ta tona miki asiri."

Ka ware nawa gefe guda cikin rudun ajiya. Kafin wata ya cika, warinsu ya kori kowa daga bayan gida. Kai kuma kullum sai ka tambaye ni lafiyar albasata, kana danne dariya. Wallahi na ji haushinka a lokacin.

Na mayar da murfin biron, Baba.

Ba zan ce maka ban ji zafi ba. 'Yan ajinmu za su wuce su bar ni, sai mai jarrabawa ya sake zagayowa. Inna kuwa ta riga ta shaida wa 'yan uwa har Jega da Maiyama cewa watan nan zan gama. Jiya na kira ta na warware mata. Ta ce taurin kanka ne na gada.

Amma ina tunanin ranar da gajimare zai rufe ni, da 'ya'yan mutane a bayana. Ranar ba littafin za a tambaya ba, hannuna za a tambaya, kuma ina so awoyin nan shida su kasance a cikinsa.

Ina kewarka ƙwarai. Da kana nan, da na ji ka tambaye ni lafiyar albasata.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Ɗiyarka da har yanzu wuyanta bai kwanta ba,
Hadiza