Tsarabar Bature

Yaya Yangji,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ya gwiwar tata? Kun haƙe dankalin kuwa?

Ni lafiya ƙalau, dakon kayan baƙi masu hawan tsauni bai fi ƙarfina ba. Hankalina ne dai ba a kwance ba. Kin san tarin duwatsun addu'a da ke kan mashigar tsauni, inda kowa ke ƙara nasa. To, wani Bature cikin baƙinmu ɗaukar ɗaya ya yi, wai tsarabar 'yarsa, ya jefa a jaka. Jakar kuwa ni ke goyon ta.

Na gaya wa jagoranmu Ongchu, ya ce, "Kai Mingmar, rufe mana baki! So kake a kore mu?" Amma tun ranar bai sake tafiya kusa da ni ba. Jiya alfadarin da ke gabana ya zame ya faɗa kwazazzabo, ko saukarsa ban ji ba.

Gobe za mu haye babbar mashiga, ga dusar ƙanƙara ta soma zuba. Na roƙe ki, ki kai wa Lama, malamin gidan ibadarmu, man shanu ya kunna mini fitila. Kada Inna ta ji.

Dutsen bai kai ƙwai girma ba, Yaya, amma duk kayan nan shi kaɗai nake jin nauyinsa.

Ƙanenki,
Mingmar