Ƙorafi Kan Doron Jitata Da Ukasha Kafinta Ya Kankare

Jumare Abdulwahabu,
Bayan tsohon injin rake,
Nasarawan Doya,
Ƙaramar Hukumar Makarfi.
Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Zumuntar Kafintoci da Masassaƙa,
Makarfi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GYARAN DA BA A NEMA BA, WANDA MALAM UKASHA KAFINTA YA YI WA JITATA

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, tare da tambayar lafiyar iyali da ta dukkan 'yan ƙungiya, ina neman izinin gabatar da kuka a kan ɗaya daga cikin mutanenka, Malam Ukasha, mai rumfa a bakin hanyar Gazara. Tun farko ina sanar da Shugaba cewa Ukasha ɗan kawuna ne, wato taubashina. Na faɗi haka da kaina ne don kada ya riga ni, domin da wannan kalma aka kashe maganar a wurare biyu kafin ta iso gabanka.

1. A watan Janairun 1999 injin matse rake ya kama yatsana manuni na hannun hagu, lokacin da nake aikin mazarƙwaila. Allah ya kiyaye, yatsan bai fita ba, amma ya warke a lanƙwashe, kuma har yau bai sake miƙewa ba. Kafin nan ina kaɗa jita. Bayan nan na gwada jita ta kai goma a Zariya, kowacce ta ƙi ni, sai guda ɗaya tsohuwa da na samu a shekarar 2001. Ita ce ake magana a kanta.

2. Ina roƙon Shugaba ya yi haƙuri da ɗan bayani, domin a nan ne ta'asar take. Fuskar wuyan jita, inda yatsu ke danne tsirkiya, ba kullum take a shimfiɗe kamar tebur ba. Masu ƙera ta kan bar mata ɗan doro daga gefe zuwa gefe, da gangan. Wata doronta kaɗan ne, ido ma ba ya ganinsa. Wata kuma yana da tudu sosai. Mai son gudu a kan tsirkiya ɗaya-ɗaya da jan ta sama yakan fi son mai shimfiɗe. Mai kwantar da yatsa guda ya danne tsirkiya shida a lokaci ɗaya yakan fi son mai doro, domin yatsan ɗan Adam ba rula ba ne. Nawa kuwa ko kusa. Doron waccan jita ya zauna cikin lanƙwasar yatsana kamar an auna, shi ya sa na shekara ashirin da uku ina kaɗa ta babu wanda ya taɓa jin cewa da naƙasasshen hannu ake kiɗan.

3. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, na kai wa Ukasha jitar saboda abu ɗaya tak: katakon bayanta ya ɗan ɗago, ina so a sa gam a matse. Na nuna masa wurin da yatsa. Na maimaita. Ya ce in tafi kawai, aikin ɗan'uwa ba sai an yi ta nanatawa ba.

4. Ranar Laraba, 23 ga Oktoba, na koma karɓa. Na tarar da shi yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Ya sanar da ni cewa bayan ya manne bayan, ya ɗora rula a wuyan jitar ya ga rular tana rawa, sai ya gane danshin damina ne ya kumbura katakon. Don haka ya sa filaya ya cire ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan, su goma sha tara, ya kankare doron tas, ya bi da samfefa, ya miƙar da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da guduma, ya mayar. Ya ce kwana uku ya yi a kai, kuma kyauta ya yi mini saboda zumunci. Ranka ya daɗe, dole in faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin ɓarna mai tsabta irin wannan ba.

5. Da na isa gida na ɗora yatsa, tsirkiyoyin gefe suka yi magana, na tsakiya suka yi shiru, sai wata ƙara kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Na matsa har jijiyar wuyana ta tashi. Matata Lantana ta leƙo daga madafa ta tambaya ko wani abu ya kama akuya.

6. Na kai kuka wurin mai unguwa ranar 25 ga Oktoba. Da ya ji sunan wanda ake ƙara, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce shi ba ya shiga tsakanin taubasai. Na je wurin Inna, yayar mahaifiyata, wadda ta goye mu duka biyu. Ita ma ta ce wasa ne. Shugaba ya sani, ni ba baƙon wasan Ukasha ba ne. Ya taɓa ɗaure mini akuya a kan keke, ni ma na taɓa zuba masa ƙaiƙayi a hula ranar Sallah, babu wanda ya kai ƙarar wani. Wannan karon shi kansa bai ce wasa yake yi ba, cewa ya yi gyara ne. Idan gyara ne, to ya shigo hurumin ƙungiyarka.

7. Na samu labari Ukasha zai kafa shaida da Malam Huzaifa, makaɗin jita na Ikara, wanda ya gwada ta a rumfar kafin in karɓa, ya yaba, har ya nemi a sayar masa. Ban musa ba. Huzaifa gwani ne, yatsunsa goma a miƙe suke, kuma irin kiɗansa na gudu yana son fili. Ta yi masa daidai. Sai dai ba shi ya kawo ta gyara ba.

8. Abin da ya hana ni haƙura shi ne wannan. Ranar Asabar, 21 ga Disamba, za a kai 'yata Mukarrama ɗakin mijinta a Kudan. Akwai wani ɗan kiɗa da na tsara mata tun tana jaririya mai yawan kuka, ba shi da suna, ba shi da waƙa, a gidanmu kawai aka san shi. Da shi ta yi barci, da shi ta yi rarrafe, shi na kaɗa mata ranar da ta gama makarantar koyon jinya. Tun da aka sa rana ta roƙe ni abu ɗaya, in kaɗa mata shi kafin ta shiga mota. Kiɗan daga farkonsa har ƙarshe a kan yatsan nan yake kwance. Yau kwana goma sha tara ina gwadawa, ban iya fitar da ko rabinsa ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

(a) A umarci Ukasha ya dawo wa jitata da doronta kafin ranar 7 ga Disamba, ko ta hanyar sake fafe gefunan, ko ya manna sabon katako, domin in samu mako biyu hannuna ya saba. Shi nake so ya yi, ba wani ba. Duk da abin da ya faru, babu mai hannunsa a ƙasar nan, kuma ina roƙon kada a karanta masa wannan layin.

(b) Tun da ya share sawun doron, na nemo ma'auni. Shekarun baya na taɓa lura cewa gefen murfin tukunyar tuwon Lantana, idan aka kafa shi a tsaye, lanƙwasarsa ɗaya da ta wuyan jitar. Na zana gefen murfin a kwali na haɗo da wannan takarda. Idan ana buƙatar murfin kansa, Lantana ta amince ta ba da aro, bisa sharaɗin ya dawo kafin girkin biki, kuma kada Ukasha ya ɗora masa rula.

(c) Kada a ci shi tara, kada a dakatar da shi. Ya isa a ja masa kunne a gaban 'yan ƙungiya cewa idan ya ga abu a lanƙwashe ya tambayi mai shi tukuna.

Ranka ya daɗe, jiya Mukarrama ta same ni a zaure ina fama da tsirkiya, ta tsaya ta saurara, sannan ta ce kada in damu, ko tafi na yi mata ranar ya wadatar. Yarinyar kirki ce, shi ya sa ta faɗi haka. Ni bai wadatar da ni ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa a duba kukana da idon rahama. Na sa hannu, na kuma dangwala da yatsan da ake magana a kansa. Idan tambarin ya fito a karkace, kada a gyara, haka yake.

Naka mai biyayya,

Jumare Abdulwahabu
Nasarawan Doya.