Jirgin Baba Bai Wuce Ba

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan da godiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan har ya koma shago. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, ita ce ma za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka ta waya. Na zaɓi rubutu ne don idan na ji muryarka yanzu, zan faɗi abin da bai dace da bakin babbar yaya ba.

Maganar jiragen wasanku ce, kai da Auta. Ban taɓa hana ku ba. Gardawa biyu, kowa da gemunsa, kun cinye rabin ɗakin Baba da tebur, da layin dogo mai faɗin yatsa biyu, da bishiyoyin soso, na yi shiru. Na ce ai 'ya'yan mai gadin get ɗin jirgi ne, a bakin layi aka yanke musu cibiya. Baba ma yana jin daɗi, yakan zauna yana kallon taragai suna zagayawa yana murmushi. Da can idan kan jirgin ya yi hon, wani ɗan tsiwit yake yi kamar an taka jelar ɓera, ba wanda ya damu. Sai ku masana kuka ce abin kunya ne, wai kowane kan jirgi da irin kukansa, wai mai ɗaukar kaya ba ya kuka irin na fasinja. Ka bi ka gano inda irin tsohon koren kan jirgin da ke wucewa ta get ɗin Baba a da yake aiki har yanzu a can wajenku, ka naɗo hon ɗinsa ka turo. Auta ya rufe shagon gyaran wayarsa, ya wuni yana cusa sautin a cikin abin, har da ƙarin lasifika a ƙarƙashin tebur don ya fita da kyau. Sannunku da ƙoƙari, ya fita da kyau.

Dogo, a cikinku ba wanda ya tsaya ya tuna halin da Baba yake ciki? Mutumin da yake kirana da sunan marigayiya Inna, mutumin da ke tambayata ko ya yi sallar da ya idar yanzun nan? Ina tsakar gida ina shanya da hantsi Auta ya danna abin. Wallahi ni kaina na zaci jirgin gaske ne. Kafin in juyo, Baba da ba ya tashi sai an kama shi ya miƙe, ya fizge jan ɗankwalina daga kan igiya, ya yi waje ba takalmi. Na bi shi ina kira. Na tarar da shi a tsakiyar babban titi, ya ɗaga ɗankwalin sama kamar jar tutar mai gadin get, ya buɗe ɗaya hannun yana tare motoci. Wata tifa cike da yashi ta taka birki har ƙaurin taya ya cika unguwa, tsakaninta da ƙirjinsa bai kai tsawon tabarma ba. Direban ya diro yana zagi, da ya ga furfura sai ya kama salati. Baba kuwa ko gezau, faɗa ma yake yi masa, wai bai ji jirgi ba ne.

Da kyar ni da mai wankin mota muka janyo shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ina goge masa ƙafa, sai na jiyo Auta a waya yana ba ka labari, muryarsa har da murna, wai Yaya Dogo sautin ya yi daidai, Baba ya gane shi nan take. Na kuma ji ka ta cikin wayar kana cewa ai ka faɗa. Ubanku ya kusa zama nama a kan kwalta, ku kuma kun ci jarrabawa! Na shiga ɗakin na tumɓuke wayar lasifikar da hannuna, na ce wa Auta idan na sake jin ko tari daga teburin nan, a bola zai tsinci jiragensa.

Na zaci magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. Tun ranar Baba bai koma ɗakinsa ba. Ya ɗaure igiyar shanyata a ƙofar gida daga wannan gini zuwa wancan, ya ja kujera ya zauna da ɗankwalin a cinya. Ya ce jirgi ya yi hon, shi ya rufe get, kuma ba ya buɗewa sai ya wuce. Yara ta gidan maƙwabta suke fita. Na kai abinci, ya ce mai gadi ba ya sa hannu a kwano jirgi na hanya. Sai in yi ta lallashi kafin ya karɓi loma biyu, idonsa na kan hanya. A kan kujerar yake gyangyaɗi, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumtum. Likita ya zo ya ce maganinsa ba a sha da yunwa, kuma idan aka ci gaba a haka sai dai gadon asibiti. Na ce masa jirgin ya wuce yana barci, ya kalle ni ya ce a aikinsa bai taɓa barci jirgi ya wuce shi ba. Auta, da yanzu idonsa ya raina fata, ya samo ƙarar wani jirgi a waya ya kunna masa daga bayan ƙofa. Baba ya saurara, ya ce wannan na wani layin ne.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma ba roƙonka nake ba. Ka ajiye duk abin da ke gabanka ka koma inda ka naɗo masifar nan. Wannan kan jirgin dai, ba ɗan'uwansa ba. Kada ka naɗo hon, ko na daƙiƙa ɗaya. Ka naɗo wucewarsa: tahowarsa, da ƙarar taragai ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ka tsaya da wayar a hannu har ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Kada ka yanke don hannunka ya gaji. Ni da na rantse ba za a ƙara kunna abin nan a gidan nan ba, ni zan mayar da wayar lasifikar da na cire, in kulle ƙofar titi, in zauna kusa da shi. Ku kuka taso da jirgin nan, sai ku wuce da shi.

Ka gaida matarka, ba ruwanta, ita ma haƙuri take yi da kai. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Maigidana da Gwaggo suna gaishe ka. Auta ma ya ce a gaishe ka, da murya ƙasa-ƙasa. A ƙofar gida nake rubutun nan, kusa da kujerar Baba. Na ce masa Dogo nake rubuta wa, ko yana da saƙo. Ya ce in gaya maka ka riƙe hannun ƙanenka, ku tsaya inda kuke, kada ku tsallako sai ya buɗe.

Wassalam. Ni ce yayarka, wadda har yanzu ba ta huce ba.