Danshi a Gindin Bangon Inna

Filinge, Fabrairu 1974

Zuwa ga yayana Mamman, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin ɗab'i. Inna Habsa tana gaishe ka. Mu nan sai godiya. Gero ya yi wuya, 'yan ajina a lakwal, makarantarmu ta boko, kullum raguwa suke yi, kuma har yau ba labarin autanmu Kailu tun da ya kora shanu kudu, wajen garin Gaya, da kaka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne bangon ɗakin Inna, na gefen gabas, daidai wurin nan da ya ɗan lanƙwasa. Gindinsa ya jiƙe. Ba raɓa ba ce, domin ko da rana tsaka in ka danna yatsa sai ya nutse. Yaɓen ya fara zubewa, ga kuma tsaga siririya ta tashi tana neman kaiwa ga azara. Ka san gadon Inna a jikin wannan bango yake.

Yaya, damina biyu ke nan ba mu ga ruwan da zai kwanta a tsakar gida ba. Rijiyarmu sai laka muke jawowa. Ko'ina a gidan ƙasa ta bushe ta daddare, sai wannan wuri kaɗai. Na ce Inna ta dawo ɗakina kafin a gyara, ta dube ni ta ci gaba da jan carbinta. Kai ne mai karance-karance, ka faɗa mini abin yi.

A gaida matarka da yara. Ƙanwarka, Balkisu.

Yamai, Maris 1974

Ƙanwata Balkisu,

Na sami takardarki, na gode. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sada mu da Kailu.

Kada ki tsorata. Duk bangon da ya jiƙe, akwai inda ruwan ya fito. Bara na gyara wani ɗan littafi na ma'aikatan gine-gine kafin a buga shi, kuma abin da ke ciki bai wuce abin da magabata suka sani ba. Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. In ruwa ya kwanta a gindinsa, tubali ya sha, nauyin sama ya danne shi, sai ya tsuguna.

Ki fara duba abubuwa na kusa: ko randa na tsiyaya ta ciki, ko ana alwala ko wanke-wanke a bayan ɗakin, ko maƙwabta sun karkato da ruwan wankansu. In kin kawar da wannan, ki kira magini. A kankare ƙasar da ta ruɓe, a cike da yumɓu haɗe da tsakuwa, a daɓe da ƙarfi, a yi shi gangare daga bango zuwa tsakar gida yadda ko ɗigo ba zai tsaya ba. A shafe da makuba. A ƙara tsawon indararo, a sa dutse inda ruwansa ke sauka, a ja kwata daga nan zuwa rariyar katanga, a tone rariyar domin na tabbata ta toshe. Kada a bari a shafa siminti a kan jiƙaƙƙen bango, rufe ruɓa ne kawai.

Lanƙwasar nan kuwa kuskuren magini ce tun shekarar 'yancin kai da Baba ya yi ginin. Wuri irin wannan ne ruwa ke samun mazauni.

Ki gaida Inna da kyau. Yayanki, Mamman.

Filinge, ƙarshen Maris 1974

Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na duba randa, na duba maƙwabta, duk ba su ba ne. Inna ce.

Ranar Laraba na sallami yara da wuri domin yawancinsu ba su karya ba. Na shigo gida da azahar, na tarar da ita durƙushe a bayan ɗaki da ƙwaryarta, tana zuba ruwa a hankali a cikin lanƙwasar bangon. Ruwan shanta ne, wanda nake tace mata kowace safiya. Ashe tun tafiyar Kailu rabinsa take sha.

Ba ta ɓoye ba. Ta ce lanƙwasar ba kuskure ba ce. A nan bayan tsohuwar bukkarta yake, kuma a nan aka binne cibiyar Kailu ranar da aka haife shi. Da Baba ya zo gina soron, igiyar magini ta bi ta kan wurin, ita ce ta tsaya ta ce sai an kauce. Namu cibiyoyin suna tsohon gida a Damana, tasa kaɗai ce a nan.

Na ce mata bangon zai faɗo mata. Ta ce, “Da azahar makiyayi ya fi jin ƙishi. Muddin ƙasar ga na sha, shi ma shina sha.”

Na tsaya na kalla, Yaya. Ƙasar tana shanye ruwan nan take, har da ɗan sauti kamar na maƙogwaro. Na san busasshiyar ƙasa haka take yi, amma wannan ai ba busasshiya ba ce.

Tsagar ta kai azara. In kira maginin ko in bari?

Ƙanwarka, Balkisu.

Yamai, Afrilu 1974

Balkisu,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri da jinkiri, sojoji sun karɓi mulki, gidan waya ya ɗan tsaya.

Ki kira maginin. Ruwan ƙwarya ba ya zuwa Gaya ta ƙarƙashin ƙasa, amma azara tana iya faɗowa a kan tsohuwa. In Allah ya kawo damina bana, bangon nan ba zai ɗauki ruwan farko ba. Kada ki yi musu da ita. Ki ce mata ba za a tone wurin ba, rufe shi kawai za a yi, kuma gaskiya ce. In tana son yi wa Kailu wani abu, ta ba da ruwan sadaka ga masu wucewa.

Na je zangon 'yan gudun fari da ke bakin gari, na bi bukkokin mutanen ƙasarmu Kurfai ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga Kailu a Baleyara da shanun da suka rage, wani ya ce ba shi ba ne. Zan ci gaba da nema.

Yayanki, Mamman.

Filinge, Mayu 1974

Yaya,

Gaisuwa. An yi aikin yadda ka tsara, kuma ya yi kyau. Maginin ya daɓe gindin bangon har yana ƙyalli, ya ja kwata, ya buɗe rariya. Inna tana zaune a inuwa tana kallo, ba ta hana ba.

Washegari da azahar ta fito da ƙwaryarta. Ta zuba. Ruwan bai tsaya ba, ya gangara ta kan makuba, ya shiga kwata, ya bi ta rariya ya fita waje. Ta bi shi da ido har ya ɓace. Sai ta ce, “Ya ƙi sha.” Na bayyana mata cewa daɓen ne ya hana. Ta ce ta ji. Tun ranar ba ta sake zubawa ba, tana shanye ruwanta duka, abin da muke so ke nan. Amma ta daina tambayata ko motar Dosso, mai kawo labarin kudu, ta iso.

Yanzu ga abin da na kasa faɗa wa kowa sai kai. Daga waje bangon ya bushe sarai. Ta ciki ne danshin ya fito. Ba mai zuba komai, na tabbatar, domin an rufe lakwal, ina gida wuni, kuma randar tana ɗakina. Da farko a ƙasa yake, kusa da ƙafar gado. Yanzu ya hau, ya yi faɗi a tsakiya, ya tsuke a sama. In ka tsaya a bakin ƙofa, tsayinsa ya yi daidai da na mutumin da ya zauna ya jingina. Ka tuna inda Kailu ke zama in ya shigo gaida ta.

Na roƙe ta ta fito daga ɗakin. Ta ce ba yanzu ba.

Balkisu.

Yamai, Yuni 1974

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da ɗawainiya.

Garinmu a cikin dallol yake, tsohon kwarin kogi ne, ruwa da kanwa suna kusa da sama ko da rijiya ta ja baya. Ruwan da Inna ta zuba watanni yana cikin tubali. Mun rufe masa hanyar waje, dole ya fito ta ciki. Siffar da kika gani kuwa, ido ne ke neman abin da zuciya ke so. Wannan shi ne bayanin, kuma na yarda da shi.

Duk da haka na karanta takardarki sau da yawa. Da na san za ta ɗauki gangarar ruwan a matsayin saƙo, da na ce a bar mata tafin hannu ɗaya ba a daɓe ba. In kina ganin zai sa ta fito, ki sa a fasa wurin, ta zuba abin da take so da rana, ta kwana ɗakinki. Bango ana sake shi. Hadari ya fara haɗuwa a nan, kada ruwan farko ya same ta a ƙarƙashin wannan azara.

Direbobin Gaya ba wanda ya ba ni labari tabbatacce. Na nemi hutu, ba a ba ni ba tukuna.

Yayanki, Mamman.

Filinge, Yuli 1974

Yaya Mamman,

Gaisuwa, da barka da ruwa. An yi shi ranar Juma'a kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya zuba a kan dutse, kwata ta kwashe, rariya ta fitar, ko cokali bai kwanta a gindin bango ba. Bangon yana tsaye.

Ban fasa daɓen ba, ba a kai ga haka ba. Ana gobe ruwa, Inna da kanta ta naɗe tabarmarta ta kawo ɗakina. Na yi murna, na tambaye ta me ya sauya. Ta ce, “Ya iso. A bar mishi ɗakin, ya gaji.” Da na leƙa, danshin ya bushe duka, sai farin gishirin kanwa da ya zagaye inda yake.

Ta ce in gaya maka ka daina wahalar da direbobi. Ni ban ce ka daina ba.

Kowace azahar tana ajiye ƙwaryar ruwa a cikin ƙofar ɗakin, ta ja ƙyaure. Da la'asar ita ke ɗaukowa. Ban duba ko ruwan yana raguwa ba, kuma ba zan duba ba. In ka sami hutu ka zo.

Allah ya sada mu da alheri. Ƙanwarka, Balkisu.