An Bar 'Yata Gadin Takalma a Gindin Dutse

Zuwa ga Shugaban makarantar da 'yata Rabi take karatu, a nan Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a Durumi, ba marubuci ba. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro, shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a.

Na farko. Rabi makauniya ce tun haihuwa, ita kaɗai a ajinsu. Da aka sanar za a kai ɗalibai hawan dutse a hanyar Abaji, ta dawo gida kamar an yi mata albishir da Makka. Ta wanke rigarta da kanta, ta hana kowa sakat da zancen iskar da ke kaɗawa a saman dutse. Na sa hannu a takardar izini da farin ciki.

Na biyu. Da aka isa, malamai suka sa yara cire takalma don santsi, suka tara su gindin wata bishiya, suka zaunar da Rabi, wai ta yi gadinsu. Malam, makauniya aka ba gadi. Da ba 'yata ba ce, da na yi dariya. Tun hantsi har la'asar tana zaune, tana jin shewar ƙawayenta daga sama, babu babba ko ɗaya kusa da ita.

Na uku. Malamar ajinsu ta ce min tausayi ne, kada ta faɗi. Na yarda ba mugunta ba ce, amma ba wanda ya tambayi yarinyar, ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya, da na faɗa muku cewa duk hutu a Dutsin-Ma, gidan kakarta, Rabi na hawa dutse riƙe da kafaɗar ƙanwarta, kuma tafin ƙafarta ya fi idon wasu sanin inda santsi yake. Gwamnatin farar hula ta saya muku sabuwar mota, ga tituna ana ta shimfiɗawa, amma an rasa mutum ɗaya da zai ara mata kafaɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Yarinyar da ke riga kowa tashi ta jingine sandarta bayan ƙofa. Ta ce wa mahaifiyarta a daina kai ta makaranta, tunda kaya ce ita da ake ajiyewa. Na yi lallashi har na gaji. Ina baƙin ciki, Malam, kuma ban san yadda zan yi ba.

Ba na neman a kori kowa. Roƙona a koya wa malamai yadda ake yi wa makaho jagora a daji da dutse, a kuma riƙa tambayar yaro abin da zai iya kafin a yanke masa. Sannan ina roƙon wani daga cikinku ya tako har gidana ya faɗa wa Rabi da bakinsa cewa kuskure aka yi. Ni na faɗa mata, ta ce ai ni ubanta ne, dole in faɗi haka.

Allah ya yi maka jagora, ya raya zuriyarka cikin lafiya.

Wassalam, daga mahaifin Rabi, Durumi.