Abin Kunnen Baƙon Raudatu

Ƙarfi, Talata

Zuwa ga ƙanwata Hajjo, a Maska.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ƙafar taki, ya kaka? Malam Jibril ladan ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne.

Tun shekarar sanƙarau raina bai ɓaci irin na ranar Juma'a ba. Zainulabidin ɗin nan da kike yabo, mai neman jikata Raudatu, ya zo gaishe ni shi da kawunansa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ban musa ba. Amma da wani ɗan abu maƙale a kunnensa, irin marar igiyar nan da samari ke yayi, suna tafe suna surutu su kaɗai kamar masu iska. Kin san Mannir ɗan acaɓa. Abin nan ne ya sa kunnensa ruwa, kuma yana kunnensa babbar mota ta kaɗe shi a hanyar Funtua, bai ji ham ba.

Ina fara magana sai yaron ya kai yatsa yana taɓa abin. Wato ni ina magana, shi yana sauya waƙa! Na fizge abin, na daka da gindin sanda a gaban kawunansa. Na yi masa faɗa har na gaji, na ce ɗan wa ne ma kai. Bakina kawai ya zuba wa ido.

Raudatu ta daina kawo min koko. Ki gaya wa danginsa ban hana auren ba, amma ya dawo da kunnensa a buɗe.

Allah Ya bar zumunci. Yayanki, Maitama.

Maska, Alhamis

Yaya, wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ciwon kai ka ƙara min. Da ka yarda ka riƙe waya da tuni na wanke ka da bakina.

Ba waƙa yake ji ba, kai yake ji. Likita ne ya sa masa abin da ka daka. Da shi yake jin masu kawo masa ɗinki, da shi yake jin kiran salla. Ya taɓa ne don ya ƙara ƙarfin muryarka, saboda girmamawa.

Kai da kake cika baki babu haihuwa ko mutuwa a Ƙarfi da ta wuce ka! Zainulabidin shi ne Ɗanasabe na Almustapha mai awon auduga, waɗanda suka taso suka dawo Maska. Ka tuna, ko in tuna maka?

Kawunansa sun ce a bar maganar auren, ba za su sake durƙusawa inda aka tozarta ɗansu ba. Yaron ko shago bai fita ba.

Ka huta lafiya, in za ka iya. Hajjo.

Ƙarfi, Asabar

Hajjo, salamu alaikum. Ba sai kin tuna min ba.

Malam Jibril na karanta min, yana kaiwa kan sunan Ɗanasabe na ce ya tsaya. Ni na goya jaririn nan da rawanina a kan keke zuwa asibitin Malumfashi, wuyansa a sandare, uwarsa na bin mu da gudu ba takalmi. Da ya warke, ni na zaga bayansa na tafa hannu, bai waiwayo ba, na fita zaure na yi kuka kada uwar ta gani. Babu taron sunan da ban ba da labarin nan ba. Yara har ƙarasa min suke yi. Sai ga shi ya zo da ƙafarsa ya durƙusa gabana, na mayar da shi inda na same shi.

Na tsince gutsattsarin abin kunnen a zaure, na ƙulle a bakin rawani. Jiya na wuce majalisa kaina a ƙasa, aka ce, "Baba Maitama, yau babu tarihi?" Na ce maƙogwaro ke damuna.

Raudatu ta ce ta sani tun farko, tsoron bakina ya hana ta faɗa. Wannan ya fi komai cina.

Ki tambayar min ko akwai sauran ƙofa.

Maitama.

Maska, Litinin

Yaya, na je. Yaron ya ce ba ya riƙe da kai, don bai ji ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba. Kawunansa kuwa sun ji duka. Sun ce a zaure aka yi laifin, ba a takarda za a gyara shi ba.

Hajjo.

Ƙarfi, Laraba

Hajjo, salamu alaikum. Sun yi gaskiya.

Abin kunnen samari dai har yanzu ina kan bakana, Mannir bai tashi daga kwance ba. Amma wannan laifin nawa ne.

Gobe da na idar da asuba zan hau motar Funtua, in kama babur zuwa Maska. Ki sa a tara kawunan duka. Zan cire takalmi, in durƙusa inda haske zai faɗo kan fuskata, in yi magana a hankali yadda zai gani a bakina. In ya yarda, ni zan raka shi wurin likitan. Ba yau na fara ba.

Raudatu ta ajiye koko a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Sai na iso. Maitama.